Ƙaramin Harsashi a Babbar Bindiga: Lacca ga Maharban Zabi da Fakara a Kaele

 

Ranka ya daɗe Sarkin Baka. Iyayena dattawan dawa, malamanmu, ma'aikatan gandun daji, maƙwabtanmu Mundang da Tupuri da Fulani da suka zo sauraro, da ku ƙannena da kuka cika bencin baya, barkanmu da war haka.

Abin da aka ce in yi magana a kai ƙaramin abu ne a ido. Wani bututun ƙarfe ne da ake zurawa cikin bindigar farauta mai lamba 12, sai ta koma cin harsashin lamba 20, ko 28, ko ɗan siririn nan da ake rubutawa .410. Samarinmu sun gan shi a waya, a hannun maharban Amurka suna kaɗo tsuntsaye, suka dawo suna tambaya ko mu ma zai yi mana. Don kada in ja ku da nisa, ga amsata tun yanzu. Yana da amfani, amma ba inda ake zato ba. Wanda ya saye shi don tsimin kuɗi zai yi asara. Wanda ya saye shi don bindigarsa ta yi sauƙin ɗauka ya ƙara mata nauyi ne. Wanda kuwa ya sa shi, ya ci gaba da harbin zabi daga nisan da ya saba, to dila da shaho yake yi wa farauta.

Sai mun fahimci lambar kanta kafin maganar ta shiga. Da yawanmu muna cewa kalibar duz, kalibar duz, ba mu san abin da aka ƙirga har ya kai 12 ba. Tsohon lissafin Ingila ne. A ɗauki dalma laba ɗaya, wato giram 454, a raba ta ƙwallo 12 daidai wa daida; faɗin ƙwallo ɗaya shi ne faɗin ramin bindigar. In aka raba ta 20, ƙwallon ya ƙanƙance, ramin ma ya tsuke. Shi ya sa lamba tana hawa baki yana raguwa. Lamba 12 faɗinta milimita 18.5 ne, lamba 16 milimita 16.8, lamba 20 milimita 15.6, lamba 28 kuma wajen milimita 14. Ita .410 ba ta bi wannan lissafi ba, awon inci ne, milimita 10.4 ke nan. Da za a ƙirga ta da tsohon lissafi da ta kai wajen lamba 67.

A nan ƙasarmu lamba 12 ce sarauniya, kuma tarihi ne ya naɗa ta. Kamfanin Manufrance na birnin Saint-Étienne a Faransa ya fito da Simplex mai baki ɗaya a 1908, ya biyo da Robust mai baki biyu a 1913, suka bazu duk inda Faransa ta yi mulki. Kamfanin ya durƙushe a shekarun 1980, amma har gobe akwai Simplex a ɗakunan tsofaffi daga Garwa zuwa Marwa, gindinta ɗaure da waya, tana aiki. Daga baya Baikal ta Rasha ta shigo, ita ma mafi yawanta 12. Harsashin da ya fi yawo a Afirka ta Tsakiya, na masana'antar MACC da ke Pointe-Noire a Kongo, shi ma 12 ne. Ke nan bindigar 12, harsashin 12, ɗan kasuwa ma abin da ya san zai fita shi yake kawowa. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi in an zo maganar kuɗi.

Dabarar sa bututu cikin bututu ba sabuwa ba ce. Tun 1881 wani Bature mai suna Morris ya yi wa sojojin Ingila ƙaramin bututu da ake zurawa a babbar bindigar yaƙi, don kurata su koyi saiti da harsashi mai arha. Jamusawa suna sa irinsa a bindigarsu mai baki uku. Faransawa suna ce masa tube réducteur, kuma da wannan suna za ku gan shi a kundin 'yan kasuwar makamai. Amma inda ya samu gindin zama sosai shi ne filin wasa a Amurka. Wajen 1920, a garin Andover na jihar Massachusetts, wasu maharban tsuntsun daji suka ƙirƙiro wasan harbin faifan yumɓu da inji ke cillawa sama, don hannunsu kada ya mutu a watannin da aka rufe farauta. A 1926 aka raɗa wa wasan suna skeet. Gasar ta zo ta kasu aji huɗu: 12, 20, 28 da .410. Mai son shiga duka sai ya nemi bindiga huɗu, kowace da nata nauyi da nata zama a kafaɗa. Sai masu sana'a suka ce, me zai hana bindiga ɗaya da bututu kala uku a akwati? Kamfanin Briley na Houston, wanda aka kafa a 1976, da Kolar na Racine a jihar Wisconsin, da wannan suka yi suna.

Ku lura da inda abin ya girma. Mutum yana tsaye wuri ɗaya, a fili share, ya san ta inda faifan zai fito, kuma nisan bai cika wuce mita 20 da 'yan kai ba. Ba ya tafiya, balle nauyi ya dame shi. Nauyin ma taimakonsa yake yi, don bindiga mai nauyi ba ta rawa in ana bin abin da ke tashi. Daga can ne wasu suka ɗauko shi suka shiga daji da shi. Tsuntsayen da suka fi harbi da shi kuwa ƙanana ne, irin salwar da suke ce wa bobwhite, wadda ba ta kai giram 200 ba, kuma kare ne ke tsayar musu da ita har sai sun zo dab da ita sannan ta tashi. Wane zabo ne a dajin Lara ko Gidigis zai tsaya maka haka?

Bututun iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne. Akwai dogo, mai tafiya daga mazaunin harsashi har bakin bindiga. Jikinsa alminiyam ne, mazaunin harsashinsa ƙarfe mai ƙarfi, yana da nasa tsukin baki da nasa abin turo kwanso. Wannan shi ne na gaske, kamar ka sa wa bindiga sabon rami ne, kuma mafi kyawunsa sai an aika bindigar masana'anta an auna ta an yanka mata nata. Guda biyu a bindiga mai baki biyu suna ƙara mata nauyin da ke tsakanin giram 300 da kusan rabin kilo, yawancinsa a gaba. Bindigar 12 mai baki biyu dama ta haura kilo 3. Ta gaskiya mai lamba 20 ba ta cika kai wa 3 ɗin ba. Duk daɗin ƙaramar lamba a wurin mai tafiya a daji shi ne sauƙin ɗauka da saurin kai wa kafaɗa. Da bututu kuwa ka sami ƙaramin harsashi a bindigar da ta fi ta da nauyi. Ka ɗauke ta daga Boboyo ka zagaya duwatsu da rana a watan Maris, kafaɗarka za ta ba ka labari.

Na biyun gajere ne, tsawon yatsa ko tsawon kamu ɗaya, shi ne mai arha, shi ne kuma wanda ya fi yiwuwa ya iso hannunmu. Aikinsa kawai ya riƙe ƙaramin harsashi a babban mazauni. Da an taɓa kunama, dalmar ta fita daga gajeren bututu ta faɗa ramin da ya fi ta faɗi. Toshiyar robar da ke bayanta, wadda aikinta ta rufe rami ta hana iskar albarushi wucewa, ba ta cika ramin ba. In 20 ce a cikin 12, tazarar milimita 3 ce, robar takan buɗe ta ɗan rufe, harbin ya yi dama-dama. In .410 ce a cikin 12, tazarar ta kai milimita 8, iska ta tsere ta gefe, gudu ya ragu, dalma ta watse yadda ta ga dama. Tsukin bakin bindigar, wanda aka yi shi don ya tattara dalmar lamba 12, ba ya ko taɓa ta yadda ya kamata. Bayan haka wasu irin ba sa turo kwanso, sai ka zaro bututun ka zungure shi da tsinke, garken zabi kuwa ya daɗe da shigewa ƙaya. Kuma duka iri biyun bindiga mai karyewa a tsakiya suke yi wa. Mai famfo da mai ɗura kanta ba su cikin wannan magana.

Yanzu ga zuciyar al'amarin. Mutane suna ɗauka ƙaramin harsashi ba shi da ƙarfi ne. Ba haka ba ne. In ramin ya dace da harsashin, ƙwayar dalma tana barin baki da gudu kusan ɗaya, tsakanin mita 360 da 400 a daƙiƙa, ko daga 12 ta fito ko daga 28. Ƙwaya mai lamba 6 (lambar girman ƙwaya ce, ba ta rami ba) daga wannan da ƙwaya mai lamba 6 daga wancan dukansu ɗaya suke yi. Abin da ya ragu shi ne yawansu. Harsashin 12 na farauta yakan ɗauki giram 32, wato ƙwaya wajen 250 in mai lamba 6 ce. Na 20 mai giram 24 yana da wajen 190. Na 28 mai giram 21, wajen 165. Gajeren .410 mai giram 14, ƙwaya 110 da 'yan kai. Kun ga yadda uwargida ke watsa wa kaji tsaba: in ta cika tafi ta watsa, ko'ina a tsakar gida akwai ƙwaya, in ta ɗiba da yatsu uku ta watsa a fili ɗaya, sai ka ga gurabe da kaza za ta tsaya ba ko ɗaya a ƙarƙashinta. Haka dalma take a iska. Tana nisa tana buɗewa, gurabe suna faɗi. Mai ƙwaya 250 yana da sauran cika a mita 35. Mai ƙwaya 110 ya fara yin ramuka tun mita 20 zuwa 25. Tsuntsu ba ya faɗuwa don an taɓa shi. Sai ƙwayoyi da dama sun same shi, ɗaya aƙalla ta shiga kai ko wuya ko ƙirji.

Mu sauko kan tsuntsayenmu. Zabon daji yana haura kilo ɗaya, gashinsa cunkus, ƙashinsa da ƙwari, ga ido. Dattawan da ke gabana sun fi ni sanin halinsa. Da rani suna tafiya garke, da sassafe su sauko daga bishiyar kwana su bi gefen gonar masakwa, ɗaya yana kiwo ɗaya yana miƙa wuya. Da sun hango ka ba tashi za su yi ba, gudu za su sa, kai a ƙasa, sai sun ba ka tazara sannan su tashi da ƙarar fuka-fuki, su ba ka baya. Harbin baya kuwa shi ne mafi wuya, don ƙwayar sai ta ratsa gashin wutsiya da cinya kafin ta kai inda ake so. Wannan ba tsuntsun .410 ba ne, ko 28 ma ban ba da shawara ba. Sau nawa ka ga gashi ya tashi fari fat, zabon ya saki ƙafa ɗaya, ya ci gaba da tafiya har ya ɓace a sarƙaƙiya? Wannan zabon ya mutu, amma ba a tukunyarka ba.

Fakara dabam ce. Nauyinta wajen rabin kilo. Da asuba za ka ji namijin a kan suri yana kiran nan nasa mai karce kunne. Ita takan lafe a ciyawa ko a kunyar auduga har sai ka kusa taka ta, ta tashi fuu a gabanka. Harbinta na kusa ne, mita 15 zuwa 25, kuma a nan 12 mai cikakken tsuki da giram 34 ɓarna take yi, ka ɗauki tsuntsu ƙirjinsa ya dagargaje, ba abin gasawa. A wurin fakara lamba 20 ta isa, 28 ma ta isa ga mai hannu. Haka kurciya a masussuka ko bakin tafki da yamma, haka hasbiya da ke sauka kan giginya. Kurciya ba ta da jiki, ƙwaya ƙanana lamba 7 ko 8 take so, su kuwa suna da yawa ko a ƙaramin kwanso. In akwai inda bututun nan ya yi rana a ƙasar Kaele, to a nan ne: mutum a zaune a inuwa, ya san nisan da tsuntsu zai bi, bai damu da nauyi ba.

Malamanmu suna nan, su gyara mini in na karkace. Malaman mazhabar Malikiyya sun tattauna farauta da harsashin dalma, tun da magabata na farko ba su riske shi ba. Wasu suka hana, suna kwatanta shi da ƙwallon laka da ake harbawa, wanda bugu yake kashewa da shi. Wasu, irin su Ibn Gazi da Shaihu Abdulƙadir al-Fasi na Maroko, suka halatta, kuma Dasuƙi ya kawo maganar a hashiyarsa. Hujjar masu halattawa ita ce dalma tana hudawa, tana zubar da jini, tana gaggauta mutuwa. To in gaggautawar na cikin hujjar halaccin, mai harbi daga nisan da ya san ƙwayarsa ba za ta kashe ba, sai dai ta raunata, ya yi bismillarsa amma ya bar abin da aka gina izinin a kai. 'Yan'uwanmu Kirista da masu bin al'ada ma ban san wanda ke yaba barin dabba da rauni a daji ba.

Su wa zai amfana ke nan? Na farko dattijo da kafaɗa ta gaji. Shurin bindiga ya dogara ne da nauyin dalma, da gudunta, da nauyin bindigar. Maƙerin bindigogi na Birmingham, W. W. Greener, ya bar ƙa'ida cewa bindiga ta ninka dalmarta sau 96 a nauyi. Giram 32 ke nan yana son bindiga mai kilo 3. Simplex da Baikal masu baki ɗaya sukan gaza haka, shi ya sa suke shuri. In ka rage dalma zuwa giram 21 ka kuma ƙara wa bindigar nauyi, shurin ya kusa ɓacewa. Na biyu mai koyo. Saurayin da bindiga ta fara shurarsa tun ranar farko zai koyi rufe ido da noƙe kafaɗa kafin ya ja kunama, kuma wannan hali yana da wuyar fita. Na uku mai tsaron gona da ke harbi kusa da gari, inda ƙarancin ƙara da ƙarancin dalma alheri ne.

Amma duk waɗannan akwai hanyar da ta fi musu sauƙi, kuma ita ce nake so a tafi da ita gida. Ba dole ka rage ramin ba kafin ka rage dalma. Ana yin harsashin 12 mai giram 28, ana yin mai giram 24. A gasar Olympics, gwanayen duniya da lamba 12 suke harbi, kuma doka ta tsayar musu da dalma a giram 24, daidai abin da ke cikin harsashin 20. Giram 24 ɗin nan ma ya fi watsuwa da kyau daga faffaɗan rami, don ƙwayoyin ba su hau kan juna da tsawo ba, ba sa murƙushe juna su fita a lanƙwashe. Ka sami sauƙin shuri, ba ƙarin nauyi, ba abin zarewa da gogewa, ba tsatsar da ke taruwa tsakanin ƙarfe biyu in ƙurar hunturu da gumin hannu suka shiga. Maimakon ku roƙi ɗan kasuwa mai lasisi a Garwa ko Marwa ya kawo muku bututu, ku haɗa baki ku ce ya kawo 12 mai sauƙin dalma. Game da tsimi kuwa, ko a Amurka da Turai inda ake ƙera su, harsashin 28 da .410 sun fi na 12 tsada, don ba a yin su da yawa. Balle nan, inda sai an yi maka oda. Bututu ba harsashi ƙarfen banza ne a jaka.

Ko da bututu ko ba shi, akwai gwaji ɗaya da kowane maharbi ya kamata ya yi, kuma kaɗan ne suka taɓa yi. Ka sami babban kwali ko takardar buhun siminti biyu ka haɗa, ka kafa a jikin tudu inda babu mutum babu dabba a baya. Ka auna mita 35, ka auna da igiya, ba da ido ba, don ido maƙaryaci ne a fili. Ka saita tsakiya ka harba sau ɗaya. Sai ka ɗaura gawayi a zare mai tsawon santimita 38, ka kafa ɗaya bakin inda ramuka suka fi taruwa, ka zana da'ira. Wannan da'irar mai faɗin santimita 76 ita ce ma'aunin da maƙera ke aiki da shi; bindiga mai cikakken tsuki takan zuba kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyinta a ciki. Ƙirga ramukan. Sannan ka yanka wani kwalin daidai jikin zabo, ban da gashin wutsiya, ka riƙa ɗora shi nan da can cikin da'irar. Duk inda ya zauna bai rufe rami uku ko huɗu ba, nan zabo zai wuce da rauni. Ka matso mita 30 ka sake, ka matso 25 ka sake. Nisan da kwalin ya daina samun wurin ɓuya shi ne iyakar bindigarka da wannan harsashi. Za ka kuma ga ko tana kai dalma inda kake kallo ko tana karkata hagu ko ƙasa, abin da bututun da bai zauna daidai ba ya saba jawowa. Harsashi uku za ka kashe, ka huta da zargin iska da sammu.

Akwai masu cewa ƙaramar lamba tana kare tsuntsaye. A Amurka wataƙila maganar tana da kai, don can maharbi yana rage wa kansa dalma ne don wasan ya ƙara wuya, alhali doka ta ƙayyade masa ranakun farauta da adadin da zai kashe a yini, kuma tun 1937 dokar Pittman-Robertson take karɓar haraji kan bindiga da harsashi, kashi 11 cikin 100, ana zuba shi a kula da daji. Mu abin da ke rage mana zabi ba faɗin ramin bindiga ba ne. Tun farkon shekarun 1950 da kamfanin CFDT ya kafa aikin auduga a nan Kaele, har SODECOTON ta gaje shi a 1974, gona take cin daji, jama'a kuma tana ƙaruwa; wannan ba laifin kowa ba ne, ci ake nema. Amma kwashe ƙwan zabi da damina, da bin su bishiyar kwana da tocila a zubar da garke a dare ɗaya, da sa wa daji wuta a makare, waɗannan hannunmu ne. Dokar daji da namun jeji ta 20 ga Janairu 1994 ta hana farautar dare da fitila, da farauta da wuta, da guba, an kuma sabunta dokar a Yulin 2024. A idon hukuma farautar gargajiya ita ce ta kayan da aka haɗa daga itace da tsirrai. Da bindiga ta shigo, sai da takardar izinin ma'aikatar daji da namun jeji, MINFOF. Ga makarantar namun daji a Garwa tun 1970 tana horar da jami'ai daga ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci, ga gandun Ma Mbed Mbed da aka kafa mana a nan Mayo-Kani a 2020. Masu ilimin suna kusa. Ranka ya daɗe Sarkin Baka, da maharba za su yarda a tsakaninsu cewa daga saukar ruwa har 'ya'yan zabi su yi fiffike ba mai ɗaga musu bindiga, da ya fi bututu dubu.

Wata 'yar magana ga iyayenmu mata, tun da su ke fige da dafawa. Dalma guba ce, kuma yara ta fi yi wa illa. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, daga ƙurar haƙar zinariya ne ba daga farauta ba, amma ƙarfen ɗaya ne. Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma tun 1991, Tarayyar Turai ta hana ta a fadamu daga Fabrairun 2023. A tsince ƙwayoyin kafin nama ya shiga tukunya, a yanke inda suka ratsa, musamman in miyar da tsami.

Saura haɗari, kuma ku na baya ku ajiye waya ku saurara. Na san abin da ke ran wasunku: ga maƙera a gari, ga masu walda, me zai hana a yanko bututun ruwa a gyara? Kada ku soma. Ƙaramin harsashi matsinsa ya fi na babba, ba ƙasa yake ba. Hukumar CIP, mai tsara awon makamai a Turai tun 1914, ta sa iyakar harsashin 12 na yau da kullum a bar 740, na 20 kuwa a bar 830. Tayar mota ba ta kai bar 3 ba. Shi ya sa ake da gidajen gwaji a Saint-Étienne da Liège da Birmingham, inda ake harba kowace bindiga da abin da ya fi ƙarfinta kafin a buga mata hatimi. Ƙarfen da ba a gwada ba zai tsage ne daidai inda hannun hagunka yake riƙe. Ban da haka, dokar makamai ta 14 ga Disamba 2016 ba ta wasa da ƙera makami ko sassansa ba izini, kuma kun san halin da iyakar nan tamu da Cadi take ciki da masu tare hanya da masu satar mutane. Jami'in da ya tsayar da kai ya ga baƙon ƙarfe a cikin bindiga ba zai tsaya jin laccar fakara ba. Ko na kamfani za ka saya, ka fara zuwa ofishin hukuma ka tambaya da takardun bindigarka a hannu.

Haɗari na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, kuma yana zuwa ne ranar da harsashi iri biyu suka kwana a jaka ɗaya. Ka cire bututu, ka manta, ka laluba aljihu da sauri don garke ya tashi, ka jefa harsashin 20 a ramin 12. Ba zai tsaya a mazauni ba. Zai zame ya shige ciki, ya maƙale inda ramin ya fara tsukewa, ba a ganinsa. Ka ja kunama ka ji ƙyas, ka karya bindiga ka ga fili, ka ɗauka ba ka ɗura ba ne, ka sa na 12 a bayansa ka harba. Bindigar tana fashewa ne a gaban fuska, tsakanin hannu biyu. Saboda wannan ne kamfanonin Amurka suke yin kwanson 20 ruwan ɗorawa, don ido ya rarrabe. Amma ba kowace ƙasa ke bin wannan ba, kada ka dogara da launi. Na 28 ma haka yake yi a cikin bindigar 20. In ka fita da bututu, harsashin bututun kaɗai za ka ɗauka, na 12 ya kwana a gida a kulle. In ka cire shi, ka zazzage jaka da aljihun riga da na wando a kan tabarma kafin ka zuba na 12. Duk kuma lokacin da kunama ta yi ƙyas ba ƙara, ka jira kaɗan baki yana kallon ƙasa, sannan ka karya bindigar, ka cire abin da ke ciki, ka ɗaga ta ka leƙa ramin har sai ka ga haske ya fito ta ɗaya bakin, kafin ka sake ɗurawa.

Nan zan tsaya. Dattawa suna da gyara, samari suna da tambaya, a miƙa musu abin magana.